Makullin Ɗaki a Landan

Duk gidan da ke da ɗa ko 'ya mai karatu a Landan ya san irin saƙon da ke shigowa waya idan wata ya kusa ƙarewa. Ana fara shi da doguwar gaisuwa, a tambayi jikin Hajiya, a tambayi zafi ko damina, sai can ƙasa a ce, “Yaya, maganar haya ce.” Mu da ke gida sai mu buga lissafi, fam kaza sau naira kaza, mu ga abin da ya fito, mu sake bugawa ko mun yi kuskure. Ba mu yi ba. Kuɗin wata ɗaya na ɗaki guda, ɗakin da gado da tebur suka cinye, wanda ake tarayya da mutum huɗu a kicin da banɗaki, ya isa ya biya hayar gida sukutum ta shekara a unguwanni da yawa na Kano ko Zariya.

Gwamnatin Birtaniya ba ta ɓoye wa kowa tsadar ba. Kafin ta ba ɗalibi biza sai ya nuna yana da kuɗin zama a banki, ban da kuɗin makaranta, kuma a watan Janairun 2025 ta ɗaga abin da take nema ga mai zuwa Landan daga fam 1,334 zuwa fam 1,483 na kowane wata, har na wata 9. Ta kuma ƙayyade masa aiki, kada ya wuce awa 20 a mako muddin ana cikin zangon karatu. Ga 'yan Najeriya abin ya zo da ƙarin nauyi, domin tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, kuɗin da uba ya tara na shekara biyu da ƙyar ya riƙe ɗansa shekara ɗaya.

Mukan ɗauki wannan a matsayin masifar zamaninmu. Alhali ɗakin haya a Landan ya daɗe yana gasa wa ɗalibin Afirka aya a hannu, kuma shekara 100 da suka wuce wahalar ta haifi abin da ba wanda ya zata. Wasu ɗalibai da suka gaji da ƙwanƙwasa ƙofofi sun haɗa kai suka nemi gida nasu na kansu, kuma a falon gidan nan aka ƙulla wani babban kaso na shirin kawar da mulkin mallaka daga Afirka ta Yamma. Kafin su kai ga haka sai da wata tambaya ta raba kan baƙaƙen fatar Landan gida biyu: idan wani ya ba ka ɗaki da araha, me ya saya a wurinka?

Hanyar da kowane ɗalibi talaka ya fara sani ita ce tsimi. Mohandas Gandhi, wanda ya je Landan daga Indiya a 1888 don koyon aikin lauya, ya bayar da labarin nasa tsimin a tarihin rayuwarsa. Ya fara da kama ɗaki biyu, ya ga ba za ta ɓulle ba, ya koma ɗaya, ya sayi risho yana dafa karin kumallonsa, yana tafiyar mil 8 zuwa 10 a ƙafa kullum don kada ya biya kuɗin mota, yana rubuta duk kwabon da ya fita daga aljihunsa kafin ya kwanta. Ya ce ya kai ga rayuwa a kan sule ɗaya da taro a rana. Dattawanmu da suka riski sule da sisi da taro za su gane ƙanƙantar abin. Sai dai tsimi yana da amfani ne ga wanda aka buɗe wa ƙofa. Wanda aka leƙo ta taga aka ga fatarsa aka ce an riga an ba wani ɗakin, littafin lissafinsa ba abin da zai yi masa.

Irin ƙofofin da Ladipo Solanke ya tarar ke nan. Mutumin Abekuta ne, ya yi karatu a Kwalejin Fourah Bay da ke Saliyo, ya yi koyarwa, sannan ya isa Landan a 1922 don karatun lauya, lokacin ya riga ya haura shekara 30. Ba ɗan masu hali ba ne. Da koyar da Yarabanci ya riƙa toshe wasu ƙofofin buƙatarsa, har ma ya yi fayafayan garmaho da sunan Omo Lisabi. A wancan zamanin jami'o'in Landan ba su da isassun gidajen kwana, galibin ɗalibai a gidajen mutane suke kama ɗaki mai gado da kujera, su riƙa biya mako-mako ga matar da ke da gidan. Doka ba ta hana ta ƙin wanda ta ga dama ba. Idan kuwa ta yarda ta karɓi baƙar fata, sau da yawa sai ta ƙara kuɗi, a cewarta sauran 'yan haya za su iya tashi saboda shi. Wato ɗalibin Afirka yana biyan haya biyu, ta ɗaki da ta launi.

A 1924 aka buɗe babban bajekolin Daular Birtaniya a Wembley. Sashen Afirka ta Yamma an gina shi ne da siffar birni mai ganuwa irin ta ƙasar Hausa, aka kwaso masu sana'ar hannu daga Najeriya da Gold Coast, wato Ghana ta yau, aka zaunar da su a ciki Turawa na biyan kuɗi suna kallo. Abin dariya, abin takaici: daular da ta iya gina wa Afirkawa masauki don a yi kallonsu, ita ce ba ta damu da inda Afirkawan da suka zo karatu za su kwana ba. Jaridun Landan suka yi ta rubuce-rubucen raini a kan baƙin, wata ma ta ce ba da jimawa ba ake cin naman mutane a Najeriya. Solanke ya rubuta wasiƙar ƙorafi, sunansa ya fita. A shekarar ya kafa ƙungiyar 'yan Najeriya tare da Amy Ashwood Garvey, sannan ranar 7 ga Agustan 1925, bisa ƙarfafawar Dakta Herbert Bankole-Bright na Saliyo, ɗalibai 21 masu karatun lauya suka kafa Ƙungiyar Ɗaliban Afirka ta Yamma, wadda aka fi sani da WASU. Cikin manufofinta na farko akwai samar da masauki.

Rubuta manufa a takarda ba wuya, kuɗin gida ne wuya. Na ɗan lokaci sun samu wurin fakewa a yammacin Landan, kuma can Jomo Kenyatta ya fara sauka da ya zo daga Kenya a 1929. Rayuwar Kenyatta bayan ya bar wurin ta nuna abin da ke jiran wanda ba shi da kowa. Bashin haya ya taru masa har mai gida ya riƙe kayansa. A shekarun da suka biyo baya ya riƙa samun na abinci ta hanyar furta kalmomin yarensa na Kikuyu ga masu nazarin harshe a jami'a, ya kuma fito cikin 'yan cike gurbi a fim ɗin Sanders of the River, wanda ya nuna Afirkawa a matsayin yaran da Bature ke raino. Mutumin da zai zama shugaban Kenya na farko, haya ce ta sa ya ɗaura fata ya tsaya gaban kyamara.

A 1929 Solanke ya yanke shawarar da ta bambanta WASU da sauran ƙungiyoyin ɗalibai. Ya shiga jirgin ruwa ya koma gida neman kuɗi, kuma bai dawo ba sai 1932. Shekara uku yana yawo a Najeriya da Gold Coast da Saliyo, har Kwango ta Beljiyam, yana shiga fadar sarakuna da shagunan 'yan kasuwa da ofisoshin akawuna, yana kafa rassa fiye da 20. Manya irin su Alake na Abekuta da Nana Ofori Atta na Akyem Abuakwa suka tsaya wa ƙungiyar. Amma akwai sulallan malaman makaranta da ma'aikatan reluwe a cikin asusun, mutanen da yawancinsu ba su taɓa ganin Landan ba kuma ba su sa ran 'ya'yansu za su gani ba.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a yankinmu, ko da Solanke bai ji labarinta ba. A ƙarni na 13 mutanen Kanem sun ba da kuɗi aka gina makarantar Ibn Rashik a Alƙahira, inda ɗalibansu da alhazansu ke sauka, kuma daga baya Barnawa suka samu sashensu na kwana a Azhar. Fatakenmu na goro ma ba sa shiga Salaga ko Kumasi su kwana a kasuwa, akwai mai masauki a zango da ya san su ya san iyayen gidansu. Mutanen da suka saba da tafiya sun daɗe da gane cewa baƙo ɗaya ba ya iya ciniki da gari.

Yayin da Solanke ke yawon neman kuɗi, Ma'aikatar Mulkin Mallaka a Landan tana nata shirin. Kuma a nan wani suna da muka sani ya shigo labarin. Hanns Vischer, haifaffen Siwizalan ɗin nan da Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nassarawa a 1909, wanda har yau gidansa ke tsaye a Kano ana kiransa Gidan Ɗan Hausa, tun 1923 ya koma Landan ya zama sakataren kwamitin da ke ba ma'aikatar shawara kan ilimi. Yana cikin waɗanda suka jagoranci yunƙurin buɗe wa ɗaliban Afirka gida a ƙarƙashin kulawar hukuma. Aka sa wa gidan sunan James Kwegyir Aggrey, shahararren malamin Achimota da ya rasu a 1927, aka buɗe shi a 1934 a titin Doughty, cikin Bloomsbury, tafiyar ƙafa kaɗan zuwa jami'a.

Ba mu ga dalilin mayar da Ɗan Hausa mugu a wannan labarin ba. Da alama ya yi imani taimako yake yi, kuma ɗalibai na cikin buƙata ta gaskiya. Amma hukumar da yake yi wa aiki tana da abin da take tsoro, kuma ta koyi tsoron ne daga Indiyawa. A 1905 wani ɗan kishin ƙasa, Shyamji Krishna Varma, ya buɗe wa ɗaliban Indiya masauki a Highgate, wurin ya zama matattarar masu neman juyin juya hali, kuma a 1909 ɗaya daga cikin masu zuwa gidan, Madan Lal Dhingra, ya harbe wani babban jami'i, Curzon Wyllie. Shekara guda bayan haka gwamnati ta buɗe nata gidan na ɗaliban Indiya a titin Cromwell, inda za ta iya sanin wa ya shiga, wa ya fita. Jami'an da ke kula da Afirka sun san ɗalibin da aka kora daga ƙofa goma yakan koma gida da ƙullin zuciya, kuma 'yan gurguzu na jiran irinsa da shayi mai zafi. Ɗakin da araha, a lissafinsu, hanya ce ta rage masa ɗaci da kuma sanin inda yake.

WASU ta riga su. A 1933, da kuɗin da aka taro daga gida, ta kama haya a lamba 62 titin Camden, ta kira wurin Africa House. Solanke ne mai kula da gidan, Opeolu Obisanya kuma, wadda ya haɗu da ita a lokacin yawonsa ya aura, ita ce uwar gidan, har ɗalibai suka riƙa ce mata Mama WASU. Akwai gadaje, akwai ɗakin karatu da jaridun gida, akwai falon taro, akwai kuma tukunyarta. Kada mu raina tukunyar nan. Ɗalibin da ya yi wata shida yana cin dafaffen kabeji da dankali marar gishiri, wanda mai gidansa ta hana shi soya albasa don kada wari ya kama labule, ranar da ya zauna gaban abincin gida mai yaji cikin mutanen da ke dariya da irin dariyarsa, ya samu abin da ba ya cikin takardar haya.

Da labarin gidan Aggrey ya fito, sai rigima ta tashi. A 1934 WASU ta buga ƙasida tana fallasa abin da ta kira shirin gwamnati na sa wa ɗaliban Afirka linzami, ta kira taron gangami, ta nemi a ƙaurace wa sabon gidan. A ɗaya ɓangaren akwai Dakta Harold Moody, likita ɗan Jamaika da ya kafa ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata a 1931, wanda ya ga bai kamata a ƙi gida mai kyau a tsakiyar gari ba don kawai hannun gwamnati na ciki. Shi ma ya sha korar masu gidajen haya a ƙuruciyarsa, ba wanda zai koya masa zafin abin. Hujjarsa mai sauƙi ce: yara na kwana a ɗakuna masu danshi, ga ɗaki mai ɗumi. Hujjar Solanke kuwa, gidan da ba kai ke riƙe da makullinsa ba, ranar da ka faɗi abin da mai shi ba ya so za ka san matsayinka. Ba a daɗe ba aka ga alamar gaskiyarsa, domin a 1940 masu kula da gidan Aggrey sun rufe shi na wani lokaci bayan sun yi saɓani da mazauna, kuma siyasar da ake yi a ciki na daga cikin abin da ya ɓata musu rai.

Sai dai tarihi bai bar Solanke da farar riga ba. Africa House gidan haya ne, shi ma yana da mai gida, kuma mazaunansa ɗalibai ne da kuɗinsu ke makara a jirgin ruwa. Bashi ya taru, aka kai gaɓar da za a iya fitar da su. Ƙungiyar da ta yi shekaru tana zagin kuɗin gwamnati sai ga ta ta karɓi tallafin gwamnatocin mulkin mallaka, kuma a 1938 ta koma wani gida a South Villas, kusa da dandalin Camden. Wasu za su ce ta lashe amanta. Mu dai abin da muka lura shi ne ta karɓi kuɗin amma ba ta miƙa makullin ba. Mai kula da gida nata ne, wanda zai yi jawabi a falo ita ke gayyato shi.

Kuma an yi jawabai. Daga gidan nan aka shirya adawa da mamayar da Italiya ta yi wa Habasha a 1935, aka mara wa manoman koko na Gold Coast baya lokacin da suka ƙi sayar wa kamfanonin Turawa a 1937 zuwa 1938. Mawaƙin nan Ba'amurke Paul Robeson ya zama uban ƙungiya. A watan Agustan 1941 Clement Attlee, mataimakin Churchill, ya tsaya gaban 'yan WASU ya ce alƙawarin 'yanci da ke cikin Yarjejeniyar Atlantika ya shafi kowane jinsi, wata guda bayan haka Churchill ya tashi a majalisa ya nuna ba da ƙasashen da Birtaniya ke mulka ake ba. A 1942 ɗaliban suka nemi a ba Afirka ta Yamma mulkin cikin gida nan take, da cikakken mulkin kai cikin shekara 5 bayan yaƙi. 

Mai karatu zai tambaya, ina namu a ciki? Kaɗan ne ƙwarai, kuma dalilin a bayyane yake. Turawa sun taƙaita boko a Arewa, ba mu fara samun lauyoyinmu ba sai tsakiyar shekarun 1950. Waɗanda suka je da wuri, irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da ya yi shekara guda a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan daga 1945, da Malam Aminu Kano da ya bi sahu a 1946, malamai ne da gwamnati ta tura, akwai ofishin da ke lura da su da alawus ɗinsu. Wanda ya fi shan wuyar haya shi ne ɗalibin da ya kai kansa, wanda dangi suka sayar da gona ko suka yi karo-karo suka sa shi a jirgi. A da irin wannan ɗalibin daga Kudu yake fitowa ko Gold Coast. Yau shi ne ƙanenmu.

Kwame Nkrumah irinsa ne. Ya iso daga Amurka a watan Mayun 1945 aljihu ba nauyi, George Padmore ya tarye shi a tashar jirgin ƙasa ya kai shi gidan WASU. Da ya fita neman ɗakin kansa tare da abokinsa Ako Adjei, sun yi ta yawo ana rufe musu ƙofa, har suka dace da wata mata a lamba 60 titin Burghley da ta karɓe shi. Nan ya zauna har ya koma gida a 1947, kuma yau akwai shuɗin allo a jikin bangon da ke ɗauke da sunansa. A tsakanin nan ya zama mataimakin shugaban WASU, ya taimaka wajen shirya babban taron haɗin kan Afirka na Manchester a watan Oktoban 1945. Ya bayar da labarin yadda shi da abokansa kan bi titi suna tsintar gawayin kwal da ya faɗo daga motoci don su ɗumama ofishinsu. Shekara 10 bayan ya bar ɗakin nan ya karɓi 'yancin Ghana.

Bayan yaƙi abin ya ƙara tsanani. Bama-baman Jamus sun rushe gidaje masu ɗimbin yawa, ɗalibai daga ƙasashen da ake mulka kuma sun tashi daga ɗaruruwa zuwa dubbai. A tagogin shagunan jarida ake liƙa katunan ɗakin haya, da yawa da gargaɗin cewa ba a son baƙar fata. Dokar ƙayyade haya ta fi kare wanda ya kama gida babu kaya a ciki, ɗalibi kuwa ɗaki mai kaya yake kamawa, don haka ana iya ƙara masa kuɗi ko a ba shi notis cikin sauƙi. A kusurwar ɗakin akwai mitar gas mai cin sule: ka jefa, wuta ta kama, sule ya ƙare, sanyi ya dawo. Masu gidaje irin su Peter Rachman a Notting Hill suka gano cewa wanda kowa ya ƙi shi ne ya fi biya, suka yanyanka manyan gidaje zuwa ƙananan ɗakuna suka cika su da baƙi a farashi mai tsada. Ko kuɗi da suna ba su tsare mutum ba: a 1943 wani otal a dandalin Russell ya ƙi barin Learie Constantine, fitaccen ɗan wasan kurket daga Trinidad, ya yi kwanakin da ya kama, ya kai ƙara ya ci nasara a 1944, aka ba shi diyyar fam 5 da sule 5. Waƙar Wole Soyinka ta Turanci mai suna Telephone Conversation, inda mai gida ke son jin iyakar duhun fatar mai neman ɗaki ta waya, daga wannan duniyar ta fito.

Hukuma ta sake gwada nata maganin. A 1950 aka damƙa kula da ɗaliban ga British Council, ta buɗe babban masauki a Hans Crescent, unguwar masu kuɗi kusa da kantin Harrods. Da shekara ta zagayo a 1951 aka ce yawancin mazauna su tashi su ba sababbin zuwa wuri. Suka ƙi. Sun san abin da ke jiransu a waje, don haka suka yi zaman dirshan a ɗakunansu har maganar ta kai majalisar dokoki. Tambayar 1934 ce ta dawo da sabuwar riga.

Akwai wani farashi da ba a cika faɗa ba, kuma a ganinmu ya fi duk sauran ciwo. Daga shekarun 1950 zuwa 1970 ɗalibai da yawa daga Najeriya da Ghana sun zo da matansu. Miji na karatu da rana yana wankin kwanoni ko aikin gidan waya da dare, matar na koyon jinya ko ɗinki ko akawu tana aiki, ɗaki ɗaya ne, mai gida kuma ta ce ba ta son kukan jariri. Sai suka riƙa ba da tallar neman mai riƙo a mujallu, suna kai 'ya'yansu ga iyalan Turawa a ƙauyuka da garuruwan bakin teku, suna biya mako-mako, suna ziyara idan an samu kuɗin jirgin ƙasa. Dubban yara aka yi wa haka. A wurin iyayen riƙo ne irin wanda muka sani a gida, inda ɗa kan tashi a hannun gwaggo ko kawu. Amma a gida mai riƙon jininka ne, harshenku ɗaya. Wasu yaran sun tashi ba su san iyayensu ba, wasu sai da aka je kotu kafin a karɓo su, wasu an dawo da su Legas ko Ibadan suna baƙi a gidan ubansu. Buchi Emecheta, wadda ta bi mijinta ɗalibi zuwa Landan a 1962, ta zuba irin wannan rayuwa ta ɗaki ɗaya da neman haya a littafinta Second Class Citizen na 1974.

Sai a 1968 doka ta haramta wariyar launi wajen ba da haya, katunan suka sauka daga tagogi. Amma a daidai lokacin ƙofar ta fara rufuwa ta wani gefen. A 1967 aka fara cajin ɗalibin waje fam 250 a shekara, na gida kuwa kimanin fam 70. A 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta ce baƙo ya biya cikakken kuɗin karatunsa. Dokar gidaje ta 1988 ta sakar wa masu gidaje mara su sa farashin da kasuwa ta ɗauka. Daga 2016 kuma aka wajabta wa mai gida a Ingila ya duba takardun zaman ɗan haya, abin da ya sa wasu ke gudun duk mai fasfon waje don kada su jawo wa kansu tara. Ƙanenmu ba zai ga katin da ke zagin fatarsa ba. Abin da ya riƙa tararwa a 'yan shekarun nan shi ne dillali mai fara'a da ke tambayarsa ko yana da wanda zai tsaya masa a Birtaniya, mai albashi ko mai gida, in babu kuwa ya kawo kuɗin wata shida a dunƙule.

Yana jurewa da dabarun da Gandhi da Nkrumah za su gane. Yana kama ɗaki a Barking ko Croydon ko ma Luton ya riƙa doguwar tafiya zuwa aji, yana raba ɗaki da wani, yana kwana kan kujerar abokin da ya riga shi zuwa, yana aikin dare a gidan kula da tsofaffi, yana dafa tukunya ɗaya ta mako. A zaurukan WhatsApp ake cigiyar ɗaki, a masallaci bayan Juma'a ake jin wa zai tashi ƙarshen wata. Taimakon juna bai mutu ba. Abin da ya ragu shi ne tunanin cewa gidan kansa ana iya mallakarsa tare. Mu a nan gida kowa na tura wa nasa, iyali-iyali, kuɗin na bi ta hannun ɗan canji ya faɗa asusun wani mai gida da ba mu san sunansa ba, wata mai zuwa a sake. Idan aka haɗa abin da gidajen unguwa ɗaya a Kano ko Kaduna suka tura cikin shekara biyar, mai yiwuwa ya fi ƙarfin abin da Solanke ya yi shekara uku yana roƙo.

Mun baro shi a South Villas. A 1944 ya sake komawa Afirka ta Yamma neman kuɗi, ya yi kusan shekara huɗu, kuma da abin da ya samo aka buɗe gida na biyu a bakin kogin Thames, a Chelsea, a 1949. Amma ya dawo ya tarar da wasu samari daban, masu zafin siyasa, waɗanda ke ganinsa tsoho mai sassauci da Turawa. Ya tsaya takara da mutanensa a zaɓen ƙungiya, suka sha kaye. Da kuɗi suka yi ƙaranci, shugabannin suka yanke shawarar rufe gidan Camden su riƙe na Chelsea. Solanke ya ƙi. A 1953 ya raba gari da ƙungiyar da ya kafa, shi da Opeolu suka ci gaba da karɓar ɗalibai a tsohon gidan da ɗan abin da ke hannunsu. Ciwon dajin huhu ya kama shi, ya rasu a Landan a watan Satumban 1958, saura shekara biyu Najeriya ta samu 'yanci, gidan na nan a buɗe.